Sana'ar Mai Uwar Kwafi

Wanda ya taɓa tsayawa a filin buga bulo ya san yadda aikin yake. Ga yashi ga siminti, matasa na kwaɓawa suna zubawa a akwatin ƙarfe, a daddanne, a juye, a koma kan na gaba. Kafin la'asar an shanya ɗaruruwa a rana. Magini in ya zo saye yakan ɗaga bulo ya ji nauyinsa, wani ma har ya sake shi ƙasa ya ga ko zai ruguje. Da wuya ka ji wanda ya tambayi maƙerin da ya haɗa akwatin. Alhali in akwatin nan ya karkace ko da rabin inci ne, duk bulon da ya fito daga cikinsa a karkace zai fito, na yau da na gobe, har ranar da wani ya lura.

A duniyar kwamfuta akwai masu sana'a irin ta wannan maƙeri. Su ne ke shirya abin da 'yan sana'ar ke kira imej, wato hoto. Ni na fi son in ce uwar kwafi, domin hoto kallonsa ake yi, ita kuwa wannan haihuwa take yi. Fayil ne guda ɗaya da ke ɗauke da babbar manhajar kwamfuta ɗungurungum, an girka ta, an saita ta, an rufe ƙofofin da ya kamata a rufe, sannan aka daskarar da ita. Daga wannan fayil ake buga kwamfuta goma ko dubu goma, kowace da 'yar uwarta kamar an tsaga kara.

Abin da ake kira gajimare dai, inda ake buga irin waɗannan kwamfutoci, ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne masu sanyi, a jihar Virginia ta Amurka, a Dublin, a Frankfurt, a Cape Town, cike da kwamfutoci jere bisa kantoci, ba allon kallo ba allon rubutu. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google su suka saye su, suka ja musu wuta da sanyi da layin intanet, suna bayar da haya. Kuma ba a ba ɗan haya kwamfutar ƙarfe sukutum sai in ya nema ya biya. Akwai manhajar da ke yanka kowace kwamfuta kashi-kashi, kamar yadda mai gida ke raba gidansa ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, sai dai a nan kowane ɗan haya gani yake shi kaɗai ne a gidan. Xen, wadda ta fito daga Jami'ar Cambridge a 2003, da KVM, wadda ta shiga cikin babbar manhajar Linux a 2007, su ne fitattu a wannan aikin yanka. Kowane kashi shi ne kwamfutar haya, wadda 'yan sana'a ke ce wa bi-em.

A watan Agustan 2006 Amazon ya buɗe wannan kasuwa da tsarin da ya sa wa suna EC2, a kan santi goma na dala kowace awa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a nahiyarmu aka yi mafi yawan ginin, a hannun wata tawaga a Cape Town ƙarƙashin Chris Pinkham. Tun ranar farko matsalar da ta haifi wannan sana'a ta bayyana. Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa wurin mai gyara a yi mata fomat ya san zaman da ake yi: a sa faifai ko filash, a jira, a amsa tambayoyi, a sake kunnawa, a girka direbobi, awa guda ta tafi ko biyu. Mai hayar awa ba zai biya kuɗin wannan jira ba. Yana so ya danna, cikin minti ɗaya ya ga kwamfutarsa ta tashi tana jiran umarni. Hanya ɗaya ce: a yi girkin sau ɗaya tak, a ajiye, duk wanda ya zo a kwafa masa. Amazon ya kira nasa AMI, sunan da har yau ke bakin kowa.

Sana'ar hawa biyu ce. A sama akwai masu babbar manhajar kansu: ma'aikatan Canonical masu Ubuntu, 'yan sa-kai na Debian, Red Hat, Microsoft da Windows ɗinsa, da Amazon mai nasa Linux ɗin. Su ke fitar da uwar kwafi ta kowa da kowa, tsirara, ba ta san aikin da za ta je yi ba. A ƙasa kuma akwai ma'aikacin banki ko kamfanin sadarwa ko ma'aikatar gwamnati, wanda ke ɗaukar waccan ya ƙara mata abin da gidansu ke buƙata, ya ɗaure ta da dokokin gidan, ya ce wa sauran injiniyoyi daga yau da wannan za ku riƙa aiki. Ita suke kira imej na zinare. Mafi yawan masu cin abinci da wannan sana'a a hawa na biyu suke.

A da da hannu ake yi. Mutum ya tayar da kwamfuta, ya shiga, ya girka wannan ya gyara wancan, in ya gamsu sai ya ɗauki kwafin faifanta. Bayan wata shida a ce ya sake yin irinta, sai ya tarar ya manta rabin abin da ya taɓa, in kuwa ya bar aiki to shi ke nan, ilimin ya bi shi. Yanzu rubutawa ake yi. Kowane mataki ana zuba shi a rubutaccen umarni, sai wata manhaja ta bi umarnin daga farko har ƙarshe ba hannun mutum. Packer, wadda Mitchell Hashimoto ya fitar a 2013, ita ce ta fi shahara: takan tayar da kwamfuta ta wucin gadi, ta aiwatar da umarnin a kanta, ta ɗauki kwafi, ta rushe kwamfutar. Shi kuma rubutun ana ajiye shi a Git, inda ba a sauya ko waƙafi ba tare da an san wanda ya sauya da ranar da ya sauya ba, kuma a gidan da aka san aiki sai wani ya duba kafin a amince. Gwanin sana'ar yau shi ne wanda za a goge duk abin da ya gina, ya sake fito da shi daga rubutu kafin azahar.

Baƙo zai ɗauka aikin duk na ƙari ne. Rabinsa na ragi ne. Kwamfutar da ba wanda zai taɓa zama gabanta ba ta buƙatar manhajar zane-zanen allo, ba ta buƙatar ta firinta ko ta sauti. Kowace manhaja da aka bari ƙofa ce da wata rana ɓarawo zai iya gwadawa, kuma kaya ce da sai an riƙa yi mata faci. Don haka ake cirewa har sai an kai ga abin da in an taɓa shi aiki zai tsaya. Uwar kwafin Ubuntu ta gajimare ba ta kai giga ɗaya ba wurin saukewa. Sai kuma kulle-kulle. Ana hana shiga da kalmar sirri kwata-kwata, domin kwamfutar da aka buɗe wa intanet ba ta daɗewa kafin manhajojin masu kutse su fara ƙwanƙwasa ta da kalmomin hasashe dare da rana. Makullin SSH ake amfani da shi a madadin haka, wato dogon lambar sirri mai ɓari biyu, ɗaya a hannun mai ita ɗaya a jikin ƙofa. Ana hana babban mai iko, wanda ake kira rut, shiga kai tsaye daga waje. Akwai kundayen ƙa'idoji na cibiyar CIS ta Amurka, masu ɗaruruwan shafuka, da bankuna da masu binciken tsaro ke auna aiki da su. Mai sana'a ba ya bin su ido rufe, don wata ƙa'idar in an ɗaure ta sai manhajar kamfani ta shaƙe. Sanin wadda za a bi da wadda za a rubuta dalilin barinta, nan ake bambanta ƙwararre da ɗan koyo.

Amma ɓangaren da ya fi burge ni, kuma wanda ya fi kayar da mutane, shi ne wankin ƙarshe. Kwamfuta da zarar ta tashi sau ɗaya ta zama wata. Ta samu suna, ta ƙirƙiri makullanta na shaida waɗanda da su ake tabbatar da ita ce ba wata ba, ta rubuta wa kanta lamba ta musamman, ta fara tara rajistar abin da ya faru, ta haddace umarnin da aka rubuta mata. In aka kwafe ta a haka, an haifi 'ya'ya dubu masu suna ɗaya da zanen yatsa ɗaya. Dole kafin a daskarar da ita a raba ta da duk wannan, ta koma ba kowa ba. A Windows akwai manhajar da ake kira Sysprep don wannan aiki. A Linux goge fayilolin ake yi ɗaya bayan ɗaya, ko a sa manhajar da ke yi.

Na taɓa ganin sakamakon mantuwa a nan da idona, a wani ƙaramin kamfani da ba sai na kira suna ba. An buga kwamfutoci huɗu daga uwar kwafi ɗaya, sai aka ga in wannan ta amsa waccan ta ɓace, in waccan ta dawo wata ta yi shiru. Aka zargi layin intanet, aka zargi mai ba da haya, aka wuni ana kame-kame. Ashe fayil guda ne mai layi ɗaya, wanda ke ɗauke da lambar shaidar kwamfuta, ba a share shi ba. Duk huɗun suka je wurin mai rabon adireshi da shaida iri ɗaya, shi kuma ya ba su adireshi ɗaya. Wake ɗaya ya ɓata gari. Wannan asarar wuni ce kawai. Wadda ta fi ta muni ita ce ta barin sirri a ciki. A 2011 wasu masu bincike a Darmstadt ta Jamus suka duba uwayen kwafi da mutane suka wallafa kyauta a kasuwar Amazon, suka tarar da makullai da kalmomin sirri na masu su a kwance ciki, wasu kuma da makullin maginin har yanzu a jikin ƙofa, ta yadda zai iya shiga kwamfutar duk wanda ya yi amfani da kayansa. Wasu sun goge sirrin nasu, ba su san fayil da aka goge yana nan a kan faifai sai an rubuta wani abu a kansa ba. Tun daga lokacin da na san wannan ban ƙara ɗaukar uwar kwafin da ban san maginin ta ba, komai kyan tallarta.

To in an wanke ta ta koma ba suna ba makulli, yaya mai haya zai shiga? Nan wata ƙaramar manhaja mai suna cloud-init ke shigowa, wadda aka fara a Canonical a hannun Scott Moser, yanzu kuma kusan kowane Linux na gajimare na ɗauke da ita. Aikinta kamar raɗin suna ne. Sabuwar kwamfuta na buɗe ido sai ta tuntuɓi wani adireshi na musamman, 169.254.169.254, wanda daga cikin gidan kawai ake samunsa, ta tambaya: wace ce ni, wa ke da ni? A nan za a ba ta suna, a ba ta ɓarin makullin mai ita ta maƙala a ƙofa, a miƙa mata wasiƙar umarni in ya bar mata. Sai ta ƙirƙiri sababbin makullan shaida, ta faɗaɗa faifanta daga ɗan ƙaramin da aka haife ta da shi ya cika girman da aka biya. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi. In mai uwar kwafi ya saita wannan mataki ba daidai ba, kwamfuta za ta tashi lafiya lau, tana cin kuɗin haya, mai ita na waje ba hanyar shiga. Adireshin nan kuma yana raba makullan wucin gadi na shiga sauran dukiyar kamfani, kuma ta nan aka bi a 2019 aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 100 na bankin Capital One a Amurka. A watan Nuwamban shekarar Amazon ya fito da sabuwar hanyar tambaya mai tsauri, kuma yau mai sana'a na iya ɗaure uwar kwafinsa ta yadda 'ya'yanta ba za su yarda da tsohuwar ba.

Sai wahalar rashin gani. Kwamfutarka ta gida in ta ƙi tashi, ga allo kana karanta kukanta, ga maɓalli kana dannawa. Wannan tana wata ƙasa, a ɗakin da ba za ka taɓa shiga ba. Shi ya sa ake saita ta tun a uwar kwafi ta riƙa zuba bayanin tashinta ta wata tsohuwar kafa da mai haya zai iya karantawa daga nesa. Kowane mai gida kuma da irin kayansa. Amazon da ya koma tsarin Nitro a 2017, katin sadarwa da faifai suka sauya iri, uwar kwafin da ba ta da direbobinsu ba ta tashi, har sunan faifan ya sauya, wanda ya rubuta tsohon suna a saitinsa ya ga ta kansa. Microsoft na son fayil a sigar VHD mai tsayayyen girma. Google na son ɗanyen faifai a ƙunshe. Masu OpenStack, tsarin da NASA da Rackspace suka fara a 2010 wanda kamfanoni ke gina nasu gajimaren da shi, sun fi amfani da qcow2. Daga 2018 kuma Amazon ya shigo da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ARM, irin ta cikin wayar salula, wadda ba ta jin yaren Intel, don haka komai sai an gina shi sau biyu. Mutum mai kula da fitowa uku na babbar manhaja, a ƙwaƙwalwa iri biyu, a gajimare uku, uwar kwafi goma sha takwas ke wuyansa, kuma a Amazon kowace sai an kwafa ta yanki-yanki, kowane yanki da lambarsa daban.

Kowace daga cikinsu sai an gwada. A tayar da kwamfuta daga gare ta, a ga ta tashi, a ga an shiga, a ga agogonta daidai, a ga ƙofofin da aka ce an rufe a rufe suke, a kashe a sake kunnawa. Agogon ma galibi a lokacin duniya ake barinsa, wanda ke bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, don kada rajistar kwamfutocin ƙasashe daban-daban ta rikice. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban ga inda maganar ta zauna daram kamar nan ba. Uwar kwafin da ta ƙi tashi a minti biyar an gano ta. Wadda ta tashi sumul da ɓaraka a ciki ita ce abin tsoro. A 2006 wani mai kula da manhajar OpenSSL a Debian, wadda da ita ake ƙirƙirar makullai, ya cire wasu layuka da ya ɗauka ba su da amfani, da kyakkyawar niyya. Ba abin da ya tsaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da kwamfutocin Debian da Ubuntu da abin ya shafa suka ƙirƙira a tsakanin nan daga ɗan ƙaramin tari suke fitowa, wajen dubu talatin da biyu na kowane iri, adadin da mai kutse zai gwada duka ya gama ba gumi. Shekara biyu ana buga karkataccen bulo.

Ko da an yi komai daidai, uwar kwafi daga ranar da aka gina ta take fara tsufa. An ce tsohon zuma da shi ake magani, amma ban da nan. Kullum ana gano sababbin ɓaraka a manhajojin da ke cikinta. Microsoft na fitar da facinsa ranar Talata ta biyu a kowane wata, na Linux kuwa ba su da rana, duk sanda suka zo sun zo. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka bayyana ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, injiniyoyi a duniya suka kwana suna yi wa kwamfutocinsu faci. Ga inda tarkon yake. Ka yi wa kwamfuta ɗari da ke aiki faci ka tafi gida, ka manta da uwarsu. Tsarin gajimare kuwa yakan ƙara kwamfutoci da kansa in jama'a sun yi yawa, ko ya maye gurbin wadda ta mutu, ba tare da ya tambayi kowa ba. Cikin dare sai ya buga sabuwa daga tsohuwar uwa, da ciwon da kake tsammanin ka warkar. Wannan ne ya sa nake ganin ainihin sana'ar ba a ginin farko take ba, a maimaitawar take: sake gini duk mako ko duk wata, ko a daren da labari mara daɗi ya fito, ba tare da gajiya ba, shekara da shekaru.

Da wannan tunani ne 'yan sana'ar suka daina jinyar kwamfuta. In ta tsufa ko ta yi ciwo, a rushe ta a buga sabuwa daga sabuwar uwa. Turawan sana'ar na da wani misali, wai a ɗauki kwamfutoci kamar shanun garke, kada a ɗauke su kamar karen gida ko kyanwa da ake sa wa suna. Duk sanda na ji shi nakan ce wannan bai zauna da Bafulatani ba, wanda ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta, kuma zai kwana a kan wadda ba ta da lafiya. A wurinmu misalin bulo ya fi dacewa: ba a ɗinke wanda ya fashe, sake bugawa ake yi. Ranar 19 ga Yulin 2024 an ga amfanin haka, lokacin da wani sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka tsaya, asibitoci suka koma takarda. Gyaran goge fayil ɗaya ne, amma kwamfutar gajimare ba ta da maɓallin da za a danna. Sai an ciro faifanta, a maƙala wa wata lafiyayya, a goge fayil ɗin, a mayar, ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya hanyar da aka ba da shawara ita ce a sake tayar da kwamfutar daga kwafin da aka ɗauka kafin abin ya faru, kuma wanda yake da irin wannan kwafi a ajiye shi kaɗai ke da wannan zaɓi.

Ritayar tsofaffi ma aiki ce, kuma ita ce ke jawo rigima tsakanin abokan aiki. Kowace uwar kwafi da aka ajiye tana cin kuɗin ma'ajiya, da dala, abin da kamfanin Najeriya ya fi jin zafinsa tun faɗuwar naira a 2023. Amma ka goge wadda ka ɗauka ba mai amfani da ita, da safe wani ya zo yana cewa aikinsu ya tsaya. Don haka ake sa kwanan wata a sunan kowace, a sanar kafin a janye, a bi mutane da lallashi su koma sabuwa. Wani lokaci kuma daga sama ruwan ke zuwa. Ubuntu na fitar da mai dogon zango a watan Afrilu duk shekara biyu, da alkawarin faci kyauta na shekara biyar, kowa ya san lissafinsa. A watan Disamban 2020 kuwa Red Hat ya sanar cewa babbar manhajar CentOS 8, wadda aka sa ran za a kula da ita har 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Dubban masu sana'a suka wayi gari da ƙaura a gabansu, wasu zuwa Rocky Linux, wasu AlmaLinux, waɗanda aka kafa saboda wannan lamari.

Wane irin mutum ne ke daɗewa a wannan aiki? Mai haƙurin karatu, na farko, don rabin yininsa a kan bayanan sauye-sauye da rajistar gwaji yake ƙarewa. Sai kuma wanda ƙaramin abu ke hana shi barci. A watan Maris na 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata kwamfutarsa ta gwaji ta SSH ya ƙara kusan rabin daƙiƙa. Mutum dubu za su wuce wannan. Shi ya bi diddigi har ya tono wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa da gangan a manhajar xz, aikin wani da ya shafe shekaru yana nuna shi mai taimako ne har aka amince masa. An kama abin kafin ya shiga manyan fitowar Debian da Ubuntu da Red Hat da kamfanoni ke gini a kansu. Da ya shiga, da uwayen kwafi ne za su raba shi ga duniya cikin makonni. Freund ba mai gina imej ba ne, amma halin da ya nuna shi ne jarin wannan sana'a. Kuma aiki ne na amana tsantsa, domin injiniyan da ya ɗauki uwar kwafinka ba zai buɗe ta ya duba ba, kamar yadda ba ka kwance maganin da ka sayo ka auna abin da ke ciki. In aikin ya yi kyau ba mai ambaton sunanka. In ya ɓaci, wayarka ce za ta fara ƙara. Wannan rashin adalci ne da nake ganin shugabannin kamfanoni ya kamata su gyara, don sau da yawa sai an jibga wa mutum ɗaya wannan aiki a matsayin ƙari bisa wasu ayyuka biyar.

Wani zai ce ai zamanin kwantena ne yanzu, wato ƙunshe manhaja ita da kayanta maimakon kwamfuta ɗungurungum, tun da Docker ya fito a 2013. Gaskiya ne, amma kwantenar ma a kan kwamfuta take zama, kuma waccan kwamfutar daga uwar kwafi aka buga ta.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Da yawa daga manhajojin tura kuɗi da na kasuwanci da ke wayoyinmu a kan irin waɗannan kwamfutocin haya suke gudana. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, ya kuma kafa ƙaramin reshe a Legas a 2023, shekarar da Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a. Ba kasafai za ka ga tallar aiki da sunan mai gina imej ba, a ƙarƙashin injiniyan gajimare ko DevOps ake sa shi. Matashin da ke Kano ko Zariya ko Maraɗi zai iya fara koyo ba tare da ya biya kowa dala ba. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ta isa. Ya sa VirtualBox ko KVM, ya sauke uwar kwafin Ubuntu ko Debian ta gajimare, ya tabbatar da lambar tantancewarta, ya rubuta wa cloud-init wasiƙarsa ta farko, ya tayar, ya rushe, ya sake. Sai ya gina tasa da Packer, ya buga biyu daga cikinta ya duba ko makullansu sun bambanta. Zai buƙaci Turancin karatu, don littattafan sana'ar da shi aka rubuta, zai kuma yi fama da wuta da tsadar data. Amma kayan aikin kyauta ne, kuma su ne dai waɗanda ake amfani da su a manyan kamfanonin duniya.

Kai kuma mai kamfani ko shugaban sashe, gobe in ka shiga ofis ka kira wanda ke kula da kwamfutocinku, ka tambaye shi ranar da aka gina uwar kwafin da kuke bugawa daga gare ta, da inda aka rubuta yadda aka gina ta. In ya ce ta haura wata uku, ko ya ce bari ya bincika, kada ka yi masa faɗa. Ka ɗauke masa sauran ayyuka na mako guda ya zauna ya sake gina ta.